Makron da Aka Koya wa Ladabi

Duk ranar Alhamis, daga ƙarfe biyu da rabi har zuwa shida, ba mai tunkarar teburin Mai Jadawali sai wanda zaman lafiya ya gundura. Ba wai faɗa ne da ita ba, Allah ya sani. Sauran kwanakin mako ita ce mai rabon alewa da tambayar lafiyar yaran kowa. Amma Alhamis daban take, don a ranar ne take tura wa direbobin kamfani jadawalin aikinsu na mako mai zuwa, kuma su arba'in da shida ne cif.

Kamfanin na motocin bas ne, masu kai ma'aikata wurin aiki da yara makaranta. Kowane direba yana da shafinsa a cikin wani ƙaton fayil guda a kwamfutarta, shafi mai layi-layi da gida-gida: motar da zai ja, hanyar da zai bi, ƙarfe nawa zai tashi, ina zai tsaya. Manaja ba ya sa hannu a kan sauye-sauyen mako sai biyu da rabi. Daga nan sai ta buɗe shafin mutum ɗaya, ta kwafe shi zuwa sabon fayil, ta raɗa masa suna da kwanan wata, ta adana, ta buɗe imel, ta lalubo adireshin mai shi, ta liƙa fayil ɗin, ta sake dubawa kada ta ba wani hanyar wani, sannan ta tura. Ta koma ta sake. Sau arba'in da shida, shekara tara kenan. Wuyan hannunta na dama har ya yi kanta a inda yake gogar tebur.

Da can ba ta damu ba, aiki ne kuma ta iya shi. Abin da ya mayar mata da Alhamis ƙaya shi ne Baba, mahaifinta. Wata biyar da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, tsohon kafinta wanda bai taɓa yarda a miƙo masa ko guduma ba sai ya ɗauko da kansa. Yanzu duk Alhamis da ƙarfe huɗu ƙaninta yake kai shi asibiti wurin mai gashin ƙashi, wata mata mai haƙuri wadda ita kaɗai ya yarda ta taɓa masa ƙafa. A can yake koyon tafiya tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu, yana riƙe da su yana kushe wanda ya haɗa su. Mai Jadawali ba ta taɓa gani da idonta ba, sai dai a ba ta labari.

Ranar Lahadi da hantsi ta je gaishe shi. Ta same shi a kujerarsa ta bakin taga, yana murza wata 'yar ƙwallon roba da hannun da ya yi rauni.

“Uwata,” in ji shi. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. “Matar nan ta ce ƙafata ta yi ƙarfi, wai tsoro ne kawai ya rage.”

“To ai sai ka saki ƙarfen, Baba.”

“In saki in faɗa hannun wa? Ƙaninki? Wannan da ko kofi aka miƙa masa sai ya ɓarar da rabi?”

Ƙanin nata yana daga ƙofa ya ce, “Ina jin ka fa, Baba.”

“Don ka ji na faɗa.” Ya juyo gare ta, wasa ya bar fuskarsa. “Ranar da kika fara tafiya ni ne a gabanki, a shagona, tsakanin benci da ƙofa. Taku huɗu kika yi kika faɗo mini a gwiwa. Ki zo ki tsaya mini, zan saki. In ba ke ba, ni da ƙarfen nan mutu-ka-raba.”

Ta san taurin kan ubanta, don a wurinsa ta gado nata. Ga shi kuma mai gashin ƙashin za ta tafi hutun haihuwa, Alhamis biyu kacal suka rage mata. In ta tafi, kowa a gidan ya san Baba zai koma kujerarsa ya ce ya gama.

Litinin da safe ta shiga wurin Manaja ta roƙi awa biyu. Manaja ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma yana da dalili. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ita, sakatariya ce ta tura jadawalin, washegari motoci uku suka yi cirko-cirko a ƙofar makaranta ɗaya, ma'aikatan wata masaƙa kuma suka tafi aiki a ƙasa.

“Ki gama ki tafi, ko ƙarfe uku ne,” in ji shi. “Amma ba mai taɓa jadawalin nan sai ke.”

Ta fito ranta a jagule, ta gangara sito karɓo takardun firinta. Mai sito wani dattijo ne da ake kira Sannu-Sannu. Duk kamfanin an yi ittifaƙi ba a taɓa ɗaukar malalaci irinsa ba. Kullum ka leƙa yana dafa shayi, ko yana ba wani tumatir da ya shuka a gwangwani ruwa. Abin da ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kai shi ne, rahotonsa na kayan gyara yana isa wurin Manaja ƙarfe takwas da minti ɗaya kowace safiya, ba ya fashi, ba ya kuskure.

Ya dube ta ta saman tabarau. “Ƙanwata, wa ya taɓa ki?”

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma sai ga shi ta zazzage masa komai, har da taku huɗu. Sannu-Sannu ya ajiye kofi. Ya tashi ya leƙa waje hagu da dama, ya turo ƙofa ya rufe kamar mai shirin sayar da kayan sata.

“Abin da zan nuna miki, in Manaja ya ji daga bakinki cewa ni ne, na kaɗe. Aikin mutum uku zai ɗora mini.”

Ya juyo da kwamfutarsa, ya danna wani ɗan maɓalli a kan shafinsa. Shafuka suka yi ta walƙiya suna buɗewa suna rufewa da kansu, kafin ta ƙifta ido sau uku rahoto ya haɗu ya tafi.

“Yaya, aljanu kake kiwo a sito?”

“Makro ake ce masa. Kin san yadda ake naɗar murya a waya? To wannan hannu yake naɗa. Ki ce masa kalle ni, ki yi aikin sau ɗaya, ya rubuta duk abin da kika yi. Sai mu buɗe rubutun mu ƙara masa layi biyu: abin nan da ka gani, yi wa kowane shafi, har su ƙare. Shekara shida kenan yana yi mini aiki, ni ina yi wa tumatir.”

Kwana uku suna haɗuwa lokacin hutun rana. Ta sa adireshin kowane direba a gidan farko na shafinsa, don makro ya riƙa ɗauka daga nan. Ta naɗi aikin sau ɗaya, sai da suka goge suka sake sau uku saboda abin har kuskurenta yake kwaikwaya. Sannu-Sannu ya ƙi taɓa mata allon rubutu. Yana zaune a gefe da kofinsa yana faɗa, ita tana bugawa, wai ranar da abin ya ƙi aiki ba ya son a zo a tashe shi daga shayi. Ranar Laraba suka gwada, suka sa duk saƙonnin su zo akwatinta maimakon na direbobi. Daƙiƙa hamsin. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, duk arba'in da shidan, kowane fayil da sunansa da kwanan watansa, ba wanda ya shiga rigar wani. Ta zana koren maɓalli ta rubuta TAFI a kansa, sannan ta fashe da dariya har sai da ta riƙe ciki. Shekara tara take yin abin da ake yi kafin ruwan shayi ya tafasa.

Alhamis ta zo. Manaja ya sa hannu, ta danna TAFI, ta ga saƙo na ƙarshe ya fita, ta rataya jaka. Murna fal cikinta, har tana jin kamar ta yi tsalle a matakala. A matakalar kuwa ta yi kiciɓis da direbobi wajen goma sha biyar suna hawowa, gabansu Baba Sitiyari, wanda ya shekara ashirin da shida yana ja wa kamfanin mota. Ya ɗaga wayarsa sama da yatsu biyu.

“'Yata, me na yi miki?”

“Ni, Baba? Jadawalin bai zo ba ne?”

“Ya zo. Bayan na kowa ya zo.” Ya nuna wani mutum a baya wanda ke ta sunkuyar da kai. “Auta, da ya zo wata huɗu da suka wuce, shi ya fara samu. Muna zaune a rumfa wayarsa ta yi ƙara. Ta kowa ta yi, tawa shiru. Ni ne na arba'in da shida.”

Sai a lokacin ta gane ɓarnar da ta yi. Duk sabon direban da aka ɗauka, a gaban fayil take saka shafinsa don ta riƙa sa masa ido, tsofaffi suna matsawa baya. In ta zo turawa kuma daga baya take farawa, don haka aka rene ta, babba ake fara miƙa wa abu. Ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Ashe a rumfar direbobi doka ce. Duk Alhamis suna zaune da wayoyinsu, ta Baba Sitiyari ta fara ƙara, sai ta mai bi masa, kowa ya san matsayinsa da lokacin da nasa ya iso. Shi kuwa makro daga shafin farko ya kama, ya bi layi abinsa.

“An ce wanda za a sallama ne ake mayarwa ƙarshe,” in ji wani.

“Wa ya ce?”

“Ana dai faɗa.”

Aka ɗunguma ofishin Manaja. Aka yi bayani, aka sake bayani, wasu da ke kan hanya suka yi ta bugo waya suna tambayar ko gaskiya ne an rage musu girma. Tana kallon agogon bango ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce. Da hayaniya ta lafa biyar saura, Manaja ya share gumi ya yanke hukunci irin na matsorata: daga yau a koma turawa da hannu.

Ta zauna a teburinta ta kira mahaifinta. “Ƙarfen yana gaishe ki,” in ji shi, da muryar wasa wadda ba ta ɓoye komai ba. Ta ce tana amsawa. Da ta ajiye waya ta yi kuka sosai, na haushi, don abin ya zo hannunta ya suɓuce saboda shirmen da bai kai ya kawo ba.

Washegari haushin ya sauka, taurin kai ya hau. Ta gangara filin motoci, ta sami Baba Sitiyari yana goge madubin motarsa da tsumma. Ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, sannan ta faɗa masa dalilin gaggawarta tun daga farko har ƙarshe. Hannunsa ya tsaya a kan madubi.

“Alhamis nawa ta rage?”

“Ɗaya, Baba.”

“Kuma jiya mu muka tare ki a matakala.” Ya daɗe yana ninke tsumman. “Kai, mun yi abin kunya. Me ya hana ki faɗa?”

“Wa ya bar ni na yi magana?”

Ya yi 'yar dariya, ya sosa ƙeya. “Ki fahimce ni, 'yata. Ni ban ƙi na'urar nan ba. Saurinta ma ya burge ni. Tarbiyya ce ba ta da ita. Ba a iya koya mata ladabi?”

Ta kwasa da gudu zuwa sito. Sannu-Sannu ya saurara, ya kurɓi shayi, ya ce layi ɗaya ne. Maimakon daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a ce masa daga na ƙarshe zuwa na ɗaya. Ita kuma ta ce a ƙara masa jinkirin daƙiƙa biyar tsakanin saƙo da saƙo, don kowa ya ji ƙarar wayarsa daban, kada a ce an haɗa shi da na ƙasa da shi. Ta buga da kanta, ba ta ko tambaye shi inda layin yake ba.

Baba Sitiyari ya karɓi sauran aikin. Ya sa ta buga masa jerin shafukan, ya manna a rumfa don mai ƙorafi ya yi tun da wuri. Aka kuwa samu. Dogo da Mai Hula rana ɗaya aka ɗauke su aiki, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kowa ya ce shi ne gaba. Aka kwana biyu ana shari'a, har aka nemo tsohon maigadi ya shaida cewa Mai Hula da safe ya zo, Dogo sai bayan azahar. Daga nan Baba Sitiyari ya sa rigarsa ta kamfani mai guga ya hau wurin Manaja. Ba wanda ya ji abin da suka tattauna. Manaja dai ya fito ya tsaya a bakin teburinta, ya gyara murya ya ce bayan dogon nazari ya ga ya dace kamfani ya tafi da zamani.

Alhamis ta ƙarshe, kamar da gayya, wata makaranta ta sauya lokacin tashi, aka yi ta gyare-gyare. Biyu da rabi ta wuce, uku ta wuce. Tana zaune jaka a cinya, ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Uku da kwata Manaja ya sa hannu. Ta yi bisimilla ta danna TAFI, ta ruga bakin taga.

A ƙasa duk direbobin da ba su kan hanya sun yi sahu a gaban rumfa, kowa da waya a hannu, Baba Sitiyari a farkon layi. Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba a natse, ya ɗaga ta sama, ya gyaɗa kai irin na wanda aka ba haƙƙinsa. Bayan daƙiƙa biyar ta na kusa da shi ta amsa. Haka abin ya yi ta gangarawa, wannan da kiɗa, wannan da kukan tsuntsu, in aka zo kan wanda ba ya nan a yi shiru na ɗan lokaci a wuce. Ta Mai Hula ta riga ta Dogo, Mai Hula ya cire hular ya yi wa wayar fifita. Da ta Auta ta yi ƙara a ƙarshe, ya ɗaga hannu biyu yana murna kamar shi ya ci gasar, fili ya kaure da tafi da shewa. Can ƙofar sito Sannu-Sannu yana tsaye da kofinsa, yana yi kamar bai san abin da ake ciki ba.

Uku da minti ashirin. Asibitin yana ɗaya gefen gari, mota biyu ake shiga, kuma lokacin cunkoso ne. Tana saukowa da gudu ta ji hon. Baba Sitiyari ne a bas ɗinsa, ƙofa a buɗe.

“Shigo, 'yata.”

“Baba, aikinka fa?”

“Ke kika rubuta shi. Uku da rabi zan tafi ɗauko ma'aikatan masaƙa, ba kowa a motar, kuma ta bayan asibiti hanyar ta bi. Na gaya wa Manaja. Ko in buɗe miki shafina ki duba?”

Ta zauna ita kaɗai a motar mutum sittin. Baba Sitiyari bai yi gudu ba, bai taɓa yi ba, amma ya san kowane lungu da ke kauce wa danja. Huɗu da minti biyar ya sauke ta, ya ce ta gaishe da tsohon, ta ce masa wani tsoho ya ce ya yi ta maza.

Ɗakin gashin ƙashi dogo ne, da tabarmin roba a ƙasa da madubi a bango. Baba yana tsakanin ƙarafan nan biyu, ya sunkuya yana girgiza wani noti da yatsa, yana gaya wa mai gashin ƙashi cewa wanda ya ɗaure wannan bai san aikinsa ba. Ƙaninta ne ya fara ganinta, ya buɗe baki, ta yi masa alama ya yi shiru. Ta ajiye jaka, ta taka har ƙarshen ƙarafan ta tsaya.

Baba ya ɗago. Ya dube ta, ya dubi agogo.

“Kin makara da minti biyar.”

“Na zo dai, Baba.”

“Kin zo.” Ya ja numfashi, ya taka a hankali har inda ƙarafan suka ƙare, hannunsa damƙe da bakinsu. Ya auna tazarar da ke tsakaninsu da ido, irin awon da ya shekara arba'in yana yi wa katako. “Matsa baya kaɗan. Nan taku huɗu ne.”

Ta ja baya taku ɗaya, ta miƙa hannu biyu. Mai gashin ƙashi ta matso gefensa da tsohon cikinta, ba ta taɓa shi ba.

Ya saki na hagu. Ya tsaya. Ya saki na dama.

Ƙafar lafiya ta fara, mai ciwon ta biyo tana jan ƙasa. Ɗaya. Ya yi tangaɗi, ƙaninta ya zabura, Baba ya harare shi ya koma. Biyu. Uku. Idonsa a kanta, bai kalli ƙasa ko sau ɗaya ba. A na huɗu gwiwarsa ta yi rawa, ta ji kamar ta ruga ta tare shi, ta cije ta tsaya inda take. Ya ɗaga ƙafar dama da kyau, ya dire ta, sannan ya faɗo mata a kafaɗa da dukan nauyinsa, ta riƙe shi gam.

Ƙaninta yana ihu, mai gashin ƙashi tana tafi, ita kuma dariya da kuka sun haɗe mata ta rasa wanda za ta fara. Baba yana haki a kafaɗarta, rigarsa jiƙe da gumi. Da numfashinsa ya dawo sai ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

“Biyar, Uwata,” in ji shi. “Na fi ki da ɗaya.”